Tagar Ɗaki na Bakwai

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe 7:40 na safe, ɗakin inji

Waje digiri ɗaya, ana yayyafi; a nan kudancin duniya Yuli tsakiyar hunturu ne. Ruwan da ke shiga ƙarƙashin daɓe 33, mai dawowa 28. Injin yana aiki daidai. Na duba sau biyu.

Ƙarfe 6:50 motar asibiti ta ɗauki Kaka Edelmira Mansilla ta ɗaki na bakwai, mai shekara tamanin da uku. Numfashi ne ya sarƙe mata. Señora Fresia, shugabar gidan tsofaffin, ita ta kira ni. Ban san dalilin da ya sa ni ta kira ba, ni ba likita ba ce. Wata shida ke nan da na gama jami'a, wata huɗu da kamfani ya ɗauke ni gwaji ya damƙa mini injin ɗumama wannan gini.

Na shiga ɗakin bayan sun tafi. Ɗumi 22, ya fi kowane ɗaki a sashen gabas. Danshin iska kashi 81 cikin ɗari, alhali bai kamata ya wuce 60 ba. Gilashin taga yana tsiyayar ruwa har ƙasa. Safa biyu da singileti a shimfiɗe a daɓe, ba su gama bushewa ba. Buzunta a gaban gado. Butar lantarki da sauran ɗuminta. An janye kabad don a samu hanyar fita da ita, bangon bayansa ya yi baƙi ƙirin da funfuna, tsawon mita ɗaya da santimita ashirin.

Tagar a rufe take. Ba ta da mariƙi.

Na rubuta lambobin nan ne don kada wani ya ce daga baya ba haka suke ba.

Talata, 9 ga Yuli, 1:15 na rana

Limoniya ce, a huhun dama. Tana asibitin Osorno, an sa mata robar iska.

Na yi musu bayani. Wannan ina so ya kasance a rubuce. A watan Mayu, ranar da aka kwaso su daga tsohon gidan katako, na tara su a ɗakin cin abinci. Na ce nan babu murhu. Inji ne a waje yake tsotso ɗumin da ke cikin iska, ko da iskar sanyi ce, ya zuba shi a ruwa, ruwan ya zaga cikin bututai ƙarƙashin daɓe. Na ce daɓe ba ya amsawa nan take kamar murhun da aka ƙara wa itace; in aka taɓa shi da safe, sai bayan awa bakwai za a ji. Don haka ba a kashewa, ba a ƙarawa. Taga kuma a wangale ta gaba ɗaya minti biyar, tara na safe da biyu na rana, sannan a rufe. Iska ta canja, daɓe bai huce ba. Abin da ba a so shi ne a bar ta a ɗan buɗe yini guda.

Baba Aliro na ɗaki na takwas, tsohon direban motar katako, ya ɗaga hannu.

"Señorita, to a ina za mu ɗora buta? A ina za mu shanya safa? A ina za mu taru mu yi gulmar Fresia?"

Aka kwashe da dariya. Tun ranar yake kirana Señorita Digiri.

Kaka Edelmira ba ta yi dariya ba. Ta ce, "'Yata, ni tun ina ƙarama a tsibiri tagata yatsa ɗaya take a buɗe, rani da damina. Mijina ya yi shekara hamsin yana faɗa a kanta. Shi ya gaji ya mutu, tagar tana nan."

Na yi mata murmushi. Na ɗauka wasa take.

Laraba, 10 ga Yuli, 4:30 na yamma

An dakatar da Señora Ube. Uberlinda Cárcamo, shekara ashirin da biyu tana kula da tsofaffin nan, ita ke da sashen gabas daga safe zuwa ƙarfe uku.

Takardar da ni na tsara aka kama ta da ita, wadda ake liƙawa a bayan kowace ƙofa, mai aiki ya sa hannu duk lokacin da ya buɗe taga. Ɗakuna goma sha ɗaya cike da sa hannunta. Na bakwai wayam, daga 4 ga Yuni zuwa 7 ga Yuli. Kwana talatin da huɗu.

Ina tsaye a baranda na ji su ta ƙofar ofis.

"Señora Fresia, da haƙorina zan buɗe? Na faɗa miki babu mariƙi, kika ce in tambayi 'yan kamfani."

"Kin rubuta mini?"

"Yaushe muka fara rubuta wa juna wasiƙa ni da ke?"

"'Yar Kaka Edelmira ta shigar da ƙara, Ube. Mai bincike zai zo ran ashirin da biyar. Har zuwa ranar ki zauna a gida."

Da ta fito ta cire rigar aiki ta naɗe ta a hammata. Ta wuce ta gabana, ta dube ni, ta ce, "Barka da yamma, Señorita." Ta fice.

An kulle ɗakin sai mai bincike ya gani. Injin yana aiki daidai.

Alhamis, 11 ga Yuli, 6:30 na safe

Gram ɗari da arba'in. Na ɗora shi a sikelin kicin. Ban san me ya sa na auna shi ba. Na mayar da shi aljihun kwat.

Juma'a, 12 ga Yuli, 10:20 na safe, ofis

Injiniya Vergara, mai kamfanin, ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya zuba mini kofi da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Yasnita, kin rame. Ba ki cin abinci ne?"

"Ina ci, Oga."

"Saurara. Mu bututu muka shimfiɗa, inji muka kafa. Tagogi ba namu ba ne, tsofaffi ba namu ba ne. Nawa ce lambarmu a makon nan?"

"Uku da ɗigo shida."

"To shi ke nan. Ita za ki kai wa mai bincike."

Lambar ita ce: a kowane awo ɗaya na lantarki da injin ya sha, awo nawa na ɗumi ya bayar. Mun yi wa ƙaramar hukuma alkawarin 3.5, kuma da ita za su yanke ko mu za a ba sauran gine-gine uku. A ƙarshen Mayu 2.9 muke. Na kwana huɗu ina bin bututu kafin na gano. Ɗaki na bakwai ne. Kaka Edelmira ta naɗe safa ta cusa a bakin taga don kada ta rufe. Ma'aunin ɗakin kullum yana kukan sanyi, injin kuma sai ya ɗaga ruwan duk sashen zuwa 42 don ya biya shi, ya yi ta shan wuta. Sau shida na cire safar. Sau shida ta mayar.

Na kai masa rahoto ran 3 ga Yuni. Abin da ya ce, kalma da kalma: "Ki gyara. Ban tambaye ki yadda za ki yi ba."

Yau na tuna masa. Ya ɗaga gira.

"Na ce ki gyara. Kowa ma haka zai ce. Akwai wani abu da kike so ki faɗa mini?"

Na ce babu.

"Madalla. Don ni ma ba na so in ji."

Lahadi, 14 ga Yuli, 5:00 na yamma, gidan Mama

Mama ta ɗauki kwat ɗina za ta wanke, ta ce yana warin ɗakin inji. Na fizge shi daga hannunta har maɓalli ya tsinke. Ta tsaya tana kallona.

"Zinariya ce a ciki?"

Na zauna a bayan murhu inda nake zama tun ina yarinya. Buta tana tafasa tun safe, wanki a rataye a sama, miya a tukunya, amma gilashin taga a bushe. Na kunna ashana na kai bakin ƙofar kicin, harshen wutar ya kwanta ya nufi murhu. Murhu yana shaƙa. Yana jan iskar ɗaki ya fitar ta bututun hayaƙi, sabuwa ta shigo ta kowace kafar katako. Gidan katakon da aka kwaso tsofaffin daga ciki haka yake, yana canja iskarsa da kansa, ba wanda ya taɓa sa hannu a takarda. Mu muka kai su ginin da ko allura ba za ta sami hanya ba, suka tafi da butarsu da wankinsu. Da babu inda za su rataye, sai suka shimfiɗa a daɓe, tunda shi ne mai ɗumi. Wa zai ce ba su da hankali?

Shekara biyar na yi a jami'a. Na san lissafin danshi, na ci jarrabawarsa. A gidan nan aka haife ni. Sai yau na kunna ashana.

Talata, 16 ga Yuli, 3:40 na yamma, cikin motar komawa

Hutu ne, na je asibiti wurin Kaka Edelmira. 'Yarta ta fita neman abinci, ban haɗu da ita ba, kuma na ji daɗin hakan.

Ta ƙanƙance. Ta janye robar daga bakinta ta ce, "Ah, 'yar inji ce." Ta kama hannuna. Ta tambaya ko an shayar da furenta. Ta tambaya ina Ube, me ya sa ba ta zo ba, ita da ke tsefe mata kai duk Asabar. Na ce aiki ya yi mata yawa.

Can ta nuna da haɓa. "'Yata, ɗan buɗe mini tagar can. Yatsa ɗaya kawai. Kar ki faɗa wa nas."

Na je. Hawa na huɗu ne, gilashin a liƙe yake da bango, tun asali ba a yi shi don a buɗe ba. Na tsaya ina shafa gefensa kamar ina neman wani abu, ɗaya hannun yana cikin aljihu.

"Ba ta buɗuwa, Kaka."

"Ko'ina yanzu haka ne," ta ce, ta mayar da robar.

A baranda na tare likitan, na tambaye shi ko funfuna tana kawo limoniya. Ya ce ni jikarta ce? Na ce a'a. Ya ce, "A shekara tamanin da uku, a watan Yuli, komai yana kawowa. Ɗaki mai laima dai ba ya taimako." Na ce kashi nawa cikin ɗari? Ya dube ni ya wuce.

Alhamis, 18 ga Yuli, 11:05 na safe

Ina ɗaukar lambobin sashen gabas Baba Aliro ya kira ni. Yana zaune a bakin ƙofarsa da ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake zuƙa da tsinke, ƙafafunsa ba takalmi a daɓe.

"Señorita Digiri! Zo ki auna ni, ina jin na huce."

Na ce ɗakinsa 21 ne.

"Wannan sabuwar da aka kawo a madadin Ube, kin ga yadda take aske mutum? Kamar tana fere dankali." Ya zuƙi mate. "Kin san ni ba na zuwa cin abincin rana ran Talata. Wake suke dafawa, ni da wake mun ɓata tun shekarar saba'in da uku."

Na ci gaba da rubuta lambobi.

"Sai in zauna nan in yi ta kallon baranda. Mai wucewa da tire, mai wucewa da bokiti. Mai wucewa da sukundireba mai jan hannu."

Huɗu ga Yuni Talata ce.

"Na faɗa wa Fresia," ya ce. "Ta ce, Baba, ka sha maganinka kuwa? Shekara tamanin da takwas, 'yata. In na ce ana ruwa sai sun leƙa waje." Ya miƙo mini ƙoƙon. "Sha."

Na sha. Ya yi ɗaci ƙwarai, ba ya sa sukari.

Juma'a, 19 ga Yuli, 8:00 na safe

Waje digiri biyu ƙasa da sifili. Shiga 35, dawowa 30. Lamba 3.5. Injin yana aiki daidai, daidai, daidai.

Asabar, 20 ga Yuli, 12:30 na rana

Ban je kasuwa don in gan ta ba. Albasa na je saye. Tana taya ƙanwarta suyar wainar dankali a rumfar ƙarshe, ta ɗaura zanen kicin a kan rigar sanyi.

"Guda nawa, Señorita?"

Na ce biyu. Na ce ya gida. Na ce na je wurin Kaka Edelmira, tana tambayarta. Sai a nan hannunta ya tsaya.

"An tsefe mata kai?"

"Ban lura ba."

"Ba za ki lura ba." Ta juya wainar. "An hana ni zuwa, wai har a gama bincike. Shekara tara ina yi mata wanka."

Na ce, "Señora Ube, me za ki ce ran Alhamis?"

"Abin da na sani. Babu mariƙi. Na faɗa wa shugaba. Na tare wata yarinya a baranda ran ashirin da biyar ga Yuni, na ce tagar bakwai fa, ta ce mini gobe."

"Za ki faɗi sunanta?"

"Zan ce na tambaye ta. Wanda ya cire ban gan shi da idona ba, ba kuma zan faɗi abin da ban gani ba. Da ina iya wannan, ai da na cika takardarki da sa hannu kamar yadda 'yan sashen yamma suke yi ran Juma'a, na mako guda a zama ɗaya. Da yanzu ina bakin aikina." Ta naɗe wainar a takarda. "Shekarata hamsin da takwas. Wa zai ɗauki wadda aka kora don ta bar tsohuwa a cikin laima? Riƙe, da zafi."

Na ba kare su a tashar mota.

Litinin, 22 ga Yuli, 9:15 na safe

Saƙon Injiniya Vergara ta waya, ba a rubuce ba. Ya ce ya karɓo mini mabuɗin ɗaki na bakwai na awa ɗaya ran Laraba, don "duba ma'auni". Sannan: "Mai binciken nan zai zaga. Ina so ya tarar da kowace taga a ginin da mariƙinta. Kowace, Yasnita. Kwantiraginki wata mai zuwa ne za a sabunta, ko na manta?"

Bai manta ba.

In mai bincike ya tarar da mariƙi a jiki, maganar Señora Ube ta zama ƙarya. Wannan ba ya buƙatar lissafi.

Talata, 23 ga Yuli, 6:10 na yamma

Zan rubuta shi sau ɗaya, da kwanan wata.

Ran 4 ga Yuni, ƙarfe 12:50, suna cin abinci, na shiga ɗaki na bakwai na cire safar, na rufe tagar, na kwance mariƙin. Ƙusa biyu ne. Ni na cire shi. Niyyata in riƙa zuwa da kaina ina buɗewa minti biyar, safe da rana. Na yi hakan kwana tara, ina jira sai Kaka Edelmira ta fita, ban kuma sa hannu a takarda ba don kada sunana ya fito. Ran 13 aka tura ni aikin wata makaranta, tafiyar awa biyu. Na ce zan bar wa Señora Ube. Na san in na ba ta, za ta ɗaura wa tsohuwar abinta a ranar.

Ran 25 da ta tare ni yana cikin aljihuna, ina jin nauyinsa. Lamba ta kai 3.6, kuma ran Juma'a Oga zai kai ta gaban kansiloli. Na ce a raina bayan Juma'a. Ran Juma'a ya ambaci sunana a taron, aka tafa. Na kira Mama na faɗa mata.

Kwana ashirin da biyar tsohuwar tana tafasa buta tana shanya wanki a ɗakin da ba ya shaƙa.

Laraba, 24 ga Yuli, 2:00 na rana, ɗaki na bakwai

Wari ya tare ni tun daga ƙofa. Furen ya mutu. Danshi 78. Daɓe 25.5.

Na ɗaura mariƙin. Minti ɗaya bai cika ba. Na murɗa, na wangale tagar, karo na farko a kwana arba'in da ɗaya. Iska ta shigo da ƙanshin ciyawa da hayaƙin itacen unguwa. Na saita agogo.

Minti biyar: danshi 59. Daɓe 25.5. Ko rabin digiri bai sauka ba. Injin bai ma san an buɗe ba.

Dokata daidai ce. Tun farko daidai ce. Na zauna a bakin gadonta ina kallon lambobin, ban taɓa jin ƙin wani abu kamar yadda na ƙi su ba.

Baba Aliro ya turo keken guragunsa bakin ƙofa. Ya dubi tagar, ya dube ni.

"Kai, ya tsiro da kansa! Ruwan bana mai albarka ne."

Na rufe tagar. Ya ce, "To sai a je a faɗa wa Ube mafarki ta yi." Ya juya keken zai tafi, ƙafa ɗaya tana ƙara.

Na ɗauki sukundireban na sake kwance shi.

Alhamis, 25 ga Yuli, 1:30 na rana

Minti hamsin aka yi. Mai binciken, Señora Fresia, Injiniya Vergara, 'yar Kaka Edelmira, Señora Ube a kujerar bakin ƙofa da jakarta a cinya, sai ni.

Oga ya raba takardun lamba masu launi. Mai binciken ya ce ya ga tagar ba mariƙi, wa ya san inda yake? Oga ya dube ni, ya kau da kai, ya ce tsofaffi sukan karya abu su ɓoye, ma'aikata ma haka. Sai aka ce in karanta lambobina.

Na karanta na waje, na shiga, na dawowa. Sannan na sa hannu a aljihu na ajiye mariƙin a tebur, da ƙusoshinsa biyu a cikin leda. Ya yi ƙara fiye da yadda na zata. Na karanta abin da na rubuta ran Talata daga wannan littafin, ban tsallake ko layi ɗaya ba, har tafin.

Oga ya ce, "Kamfani bai taɓa ba da wannan umarni ba." Gaskiya ne, bai bayar ba. Na faɗi abin da ya ce ran 3 ga Yuni, da na ranar Litinin. Mai binciken ya ce akwai a rubuce? Na ce babu.

'Yar tsohuwar ta ce, "Ke ce kika je asibiti? Ta ce wata yarinya mai kirki ta zo." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Kafin in kai tasha saƙo ya shigo: in mayar da mabuɗan ɗakin inji ran Litinin.

Litinin, 29 ga Yuli, 9:20 na safe, tashar mota

Na mayar da mabuɗan. Na bar wa wanda zai gaje ni takarda shafi uku: kada a kashe, kada a ƙara, a samo igiyar shanya a ɗakin wanki, ɗaki na bakwai a rage masa ruwa a bar shi da tagarsa. Ban sani ba ko zai karanta.

Ƙarfe tara daidai na wuce ta sashen gabas. Duk ƙofofi a buɗe, iska tana kaɗa labule, Baba Aliro yana ihu wai za a kashe shi da sanyi. Señora Ube ce, cikin rigar aikinta, tana bi ɗaki ɗaki tana duba agogon hannu. Na tsaya. Na shirya abin da zan ce tun jiya.

"Señora Ube, ina so in..."

"Kwana goma sha biyar," ta ce, ba ta juyo ba. "Na ƙirga su a gaban kasko. Ke ma irin daɓen nan naki ce, a taɓa ki da safe sai yamma ki amsa." Ta ja taga ta rufe, ta sa hannu a takarda. "Matsa, Señorita, kin tare mini hanya. Saura ɗaki huɗu."

Na matsa.

Abubuwan da ban sani ba:

Ko Kaka Edelmira za ta fito. An cire mata robar ran Juma'a, an mayar ran Asabar.

In ta fito, ina za ta. 'Yarta ta aiko an kwashe kayanta, har buzun.

Ko ɗakin ne ya kwantar da ita, ko Yuli, ko shekaru. Ba wanda zai ba ni kashi.

Abin da mai binciken ya rubuta a kaina, da ko akwai kamfanin da ba zai ji labari ba daga nan zuwa Puerto Montt.

Ko za a ba Oga gine-gine ukun. Ina jin za a ba shi. Lambar gaskiya ce.

Ko da Baba Aliro yana cin wake, da na bar mariƙin a ɗaure ran Laraba.

Ko ta san ni ce, lokacin da ta riƙe hannuna ta ce in buɗe mata yatsa ɗaya.